Babi na Shida: Sanyin da Ake Saye da Zafi

A shagunan kayan lantarki ana samun wani ɗan faranti fari mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa santimita 4, kaurinsa bai kai rabin santimita ba. Wayoyi biyu ne ke fitowa daga gefensa, ja da baƙa. Ba shi da fanka, ba shi da gas, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Wanda ya fi yawa a kasuwa za ka ga an buga masa TEC1-12706 a jiki. Riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, ka taɓa wayoyin a batir mai bolt 12. Kafin ka ƙirga biyar fuska ɗaya ta yi sanyi ƙalau, ɗayar kuma ta fara gasa maka yatsa. Ka juya wayoyin, ja ta koma inda baƙa take, sai fuskokin su yi musaya: mai sanyin ta ɗau zafi, mai zafin ta huce. Sunansa farantin Peltier.

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a watan Afrilu, fankarta na kuka, aikinta na tafiyar hawainiya saboda zafi, da ya ga wannan faranti tunani ɗaya ne zai zo masa. Me zai hana a manna fuskar sanyin a kan furosesa a huta? Tunanin ba na wauta ba ne. Ƙwararru sun shafe fiye da shekara 20 suna gwada shi, har kamfanin Intel da kansa ya sa hannu. Amma kafin mu kai can, kada ka saki wayoyin tukuna. Ajiye farantin a kan tebur, ka bar shi da wutar na minti ɗaya, ba tare da ka ɗora masa komai ba. Sake taɓa fuskar da ta yi sanyi ɗazu. Za ka tarar ta yi ɗumi, in ka ƙara jinkiri ma ta yi zafi, farantin gaba ɗaya ya zama abin da ba ya riƙuwa a hannu. Cire wayar kada ya lalace. Abin da ya faru cikin wannan minti ɗaya shi ne dalilin da ya sa ba ka ganin irin wannan faranti a cikin kwamfutocin ofis da na makaranta.

Labarin ya tsufa fiye da yadda ake zato. A 1821 wani masani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa iri biyu ya yi da'ira da su, ya ɗumama mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyinta, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Shi ya ɗauka maganaɗisu ya gano, alhali wutar lantarki ce bambancin zafin ya haifar. A 1834 Jean Peltier, Bafaranshe da ya fara rayuwa a sana'ar agogo kafin ya koma bincike, ya bi hanyar ta baya. Maimakon ya ba da zafi ya samu wuta, sai ya ba da wuta, ya ga mahaɗa ɗaya tana ɗumama ɗayar tana yin sanyi. Bayan shekara huɗu, a 1838, Emil Lenz a St Petersburg ta Rasha ya ɗiga ruwa a mahaɗar bismut da antimoni, ya saki wuta, ɗigon ya daskare. Ya juya wutar, ƙanƙarar ta narke.

Daga nan abin ya kwanta sama da shekara 100, don da ƙarfe zalla sanyin da ake samu ɗan kaɗan ne, bai wuce abin nuna wa ɗalibai ba. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da ilimin semikondakta ya bunƙasa, al'amarin ya farfaɗo. Abram Ioffe a Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa semikondakta ta fi ƙarfe dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba, har aka riƙa ƙera wata na'ura da ake ɗora wa fitilar kananzir ta ba rediyo wuta a ƙauyukan da lantarki bai kai ba. A 1954 Julian Goldsmid da abokin aikinsa a Ingila suka nuna amfanin haɗin bismut da teluriyam, kuma har yau wannan haɗi ne ke cikin kusan kowane faranti da za ka saya.

Idan ka fasa farantin za ka ga fuskokin biyu tangaram ne, tsakaninsu kuma ƙananan ƙwayoyi masu launin toka a jere, an haɗa su biyu-biyu da guntayen jan ƙarfe. Lambar 127 da ke cikin sunansa na nufin ma'aurata 127, wato ƙwaya 254. Lambar 06 kuma amfiya 6 ce, iyakar wutar da zai ɗauka. Ƙwayoyin iri biyu ne. A cikin iri ɗaya zafi yana bin inda wuta ta nufa, a ɗayan yana tafiya akasin haka. An jera su yadda wutar za ta hau ta wannan ta sauko ta wancan, don haka dukkansu gefe guda suke tura zafin. Ilektoron da ke ratsa mahaɗa yakan ɗauki kuzari daga fuska ɗaya ya sauke a ɗayar. Fuskar da aka ɗebe wa ita ce ke yin sanyi.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abu ɗaya, domin shi ne mutane suka fi kuskurewa. Farantin ba ya kashe zafi. Ɗan dako ne: yana ɗauke kaya daga wannan ƙofa ya sauke a waccan, tazarar da ba ta kai rabin santimita ba, kuma duk sawu ɗaya sai ya ƙara nasa kayan a kan tulin. In ba a samu wanda ke kwashe tulin daga ƙofa ta biyu ba, zai yi ta girma har ya rushe ya cika ɗakin da aka share. Abin da ka gani ke nan a kan tebur ɗazu.

Abubuwa uku ne ke kokawa a cikin ƙwayoyin nan. Na farko turin zafin, wanda ke ƙaruwa daidai da ƙaruwar wuta: ka ninka wutar, ya ninku. Na biyu zafin da wutar kanta ke haifarwa yayin da take ratsa ƙwayoyin, irin wanda ke ɗumama dutsen guga. Shi wannan in ka ninka wuta sau biyu, sau huɗu yake ninkuwa, kuma rabinsa fuskar sanyi yake komawa. Saboda haka akwai iyakar da in ka wuce, ƙarin wuta rage sanyi yake yi. Na uku, zafin da aka tura yana sulalowa ya dawo ta cikin ƙwayoyin, kuma gwargwadon tazarar zafi tsakanin fuskokin, gwargwadon yawan dawowarsa. Abin da masu bincike ke nema shi ne sinadarin da wuta za ta ratsa shi cikin sauƙi amma zafi ya kasa. Matsalar ita ce a cikin ƙarfe ilektoron ɗin da ke ɗaukar wuta su ne ke ɗaukar zafi, ba a raba su. Bismut da teluriyam sulhu ne aka samu, kuma sulhun bai yi wani armashi ba. A aikin sanyaya abinci, farantin Peltier yana cin wuta kamar ninki huɗu na abin da firiji mai kwamfaresa zai ci don sanyi iri ɗaya.

Masu sayarwa sukan rubuta lambobi biyu masu daɗin ji: farantin yana iya kwashe wat 50 zuwa 60 na zafi, kuma yana iya kawo bambancin digiri 65 zuwa 70 tsakanin fuskokinsa. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba sa haɗuwa a lokaci guda. Bambancin digiri 65 ana samunsa ne idan babu zafin da ake kwashewa ko kaɗan. Wat 55 kuma ana kwashe shi ne idan fuskokin biyu zafinsu ɗaya, wato ba a sanyaya komai ba. Aikin gaske yana tsakani. Ka ɗora masa rabin nauyin da zai iya, ka samu kamar rabin bambancin.

Yanzu mu ɗauko furosesa. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, furosesa mai araha da ta yi suna a wajen matasan da ke ƙure wa kwamfuta gudu, domin an ƙera ta ta yi megahaz 300 amma da ɗan taɓa saiti sai ta yi 450. Zafin da take fitarwa wajen wat 20 ne. Ga faranti mai ƙarfin wat 55 wannan nauyi ne mai sauƙi. A lissafi na kusa zai ba da bambancin digiri 40, don haka in aka iya riƙe fuskar zafi a digiri 45, furosesar za ta zauna kusa da digiri 5 tana cikin aiki. Ba abin da fanka za ta iya yi ke nan ba, komai girmanta, domin fanka ba ta iya saukar da abu ƙasa da zafin iskar ɗakin. Wannan ita ce fa'idar Peltier ta gaskiya, kuma ba ƙarama ba ce. Transista tana aiki da kyau in ta yi sanyi, wutar da ke yoyo a cikinta tana raguwa, sai a samu damar ƙara mata gudu ba tare da ta rikice ba. Shi ya sa masu neman kafa tarihin gudu suke zuba wa furosesa ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, farantin Peltier shi ne hanyar talaka ta shiga wannan fage.

Amma ko a wancan lokacin dubi abin da ake biya. Furosesa na fitar da wat 20, faranti na cin wat 55, to ƙarfen da ke zuƙe zafi da fankarsa sai sun kwashe wat 75. Nauyinsu ya kusa ninkuwa huɗu. Wannan ne ya tura da yawa daga cikin masu wannan harka zuwa sanyaya fuskar zafin da ruwa da famfo da lagireto, suka kuma riƙa sa wa farantin nasa akwatin wuta daban.

Sai furosesa ta yi ta girma. Core i9-13900K ta Intel, wadda ta fito a 2022, an yarda mata ta ja har wat 253 in aiki ya yi nauyi. Faranti biyar irin namu za ka jera kafin su iya kwashe wannan zafi kawai, ba tare da sun saukar da shi ko digiri ɗaya ba. In kana son sanyi na gaske, sai wajen goma, su ci wuta fiye da wat 500, jimillar zafin da za ka fitar daga akwatin ta haura wat 750. Kuma ina za ka jera faranti goma a kan furosesar da murfinta ma bai fi faranti ɗaya girma ba? Mafi muni shi ne wanda ya sa faranti ɗaya ƙarami a kan furosesa babba. Da zarar zafin ya fi ƙarfin farantin, sai farantin ya koma bargo, domin da gangan aka zaɓi ƙwayoyinsa don kada zafi ya ratsa su. Furosesar za ta fi zafi a kan da ba a sa komai ba sai ƙarfe da fanka. Haka zai faru kuma in wayar farantin ta tsinke kwamfuta na kunne. In kuwa fanka ko famfon fuskar zafi ne ya tsaya, dalmar da ta haɗa ƙwayoyin a irin farantan nan masu araha tana narkewa a digiri 138, kuma ba ya ɗaukar lokaci ya kai can.

Abokin gaba na biyu ya fi wannan wayo, kuma shi ya fi cinye kwamfutocin mutane. Ka fito da kwalbar lemo daga firiji a watan Agusta, nan da nan jikinta zai jiƙe sharkaf. Ruwan daga iska ya fito. Kowace iska tana ɗauke da laima, kuma akwai matakin sanyi da in abu ya sauka ƙasa da shi, laimar za ta kwanta a jikinsa ta zama raɓa. A ɗaki mai digiri 30 da laima kashi 70 cikin 100, wannan mataki yana wajen digiri 24. Ka ga furosesa mai digiri 5 ta yi nisa ƙwarai a cikin yankin raɓa. Ruwan kuma ba a inda ido ke gani yake taruwa ba. Yana taruwa a cikin gurbin furosesa, tsakanin ɗaruruwan ƙananan ƙafafunta, da bayan babban allon kwamfutar inda sanyin ya ratso. Mai gyara in ya ɗaga irin wannan furosesa yakan tarar da ƙafafun sun yi tsanwa, wani wurin da fari-farin gishiri, wani wurin da baƙin tabon inda wuta ta yi tsalle. Lokacin da ya fi haɗari ma shi ne sa'ad da kwamfuta ke zaune ba aiki. Furosesa ta rage zafinta zuwa 'yan wat kaɗan, farantin kuwa bai san an huta ba, yana ta turi da ƙarfinsa, har sanyin ya sauka ƙasa da sifiri ƙanƙara ta kama. Mai kwamfuta ya dawo ya buɗe wani aiki mai nauyi, ƙanƙarar ta narke a kan allo mai wuta.

Masu wannan sha'awa sun yi dabaru iri-iri. Suna cika gurbin da man girisin da wuta ba ta bi, su kewaye shi da soson roba, su shafe bayan allon da fenti mai hana ruwa, wasu har da jan farce. Ina ganin girmansu a kan wannan haƙuri, domin da hannunsu suka koyi ilimin zafi da laima da wasu ke haddacewa don jarrabawa. Amma ba abu ne da kamfani zai sayar wa miliyoyin mutane ya ba da garanti a kai ba.

Kamfanoni sun gwada duk da haka. CoolIT ta Kanada ta fitar da Freezone, inda farantan ke sanyaya ruwan da ke zagayawa maimakon su taɓa furosesa kai tsaye. A 2009 Cooler Master ta kawo V10, ƙaton ƙarfe mai fanka da faranti a ciki wanda ke tashi sai zafi ya kai wani mataki. Gwaji mafi girma ya zo a ƙarshen 2020, lokacin da Intel ta sanar da fasahar da ta kira Cryo Cooling, tare da Cooler Master da EK. A nan an yi abin da hankali. An sa na'urar auna laima da zafin iska, da manhaja mai lissafa matakin raɓa a kowane lokaci, tana rage wa farantin wuta don kada sanyin ya sauka ƙasa da shi. Akwai kuma dalili na kasuwa: furosesa irin Core i9-10900K tana kai wa gigahaz 5.3 ne kawai in zafinta bai wuce digiri 70 ba. An magance matsalar raɓa, amma lissafin wat bai canja ba. Waɗanda suka gwada na'urorin sun ga sanyi mai ban mamaki a aiki mara nauyi da wasu wasanni, sai dai da an ɗora wa furosesa cikakken aiki farantin ya sare, har na'urar ruwa ta yau da kullum mai rahusa ta kamo shi ko ta wuce shi, alhali shi yana ta shan wutarsa ta daban. A 2023 Intel ta daina tallafa wa fasahar.

Ga mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, lissafin ya ƙara tsanani ta fuska biyu. A bazara iskar ɗaki kan kai digiri 38 ko 40, kuma da wannan iska ce za a sanyaya fuskar zafi, don haka duk tsanin ya ɗaga sama. Zafin da farantin ya ƙara kuma a ɗakin zai zauna tare da kai. Sannan wutar da zai sha ba kyauta ba ce ga wanda ke auna man janareto ko lissafin batirin sola. Yanayi ma yana yaudara. A hunturu, iska mai digiri 25 da laima kashi 15 cikin 100 matakin raɓarta yana ƙasa da sifiri, sai mutum ya haɗa kayansa a Janairu ya ga komai a bushe ya ɗauka ya yi nasara. Ruwan Agusta ne zai nuna masa sauran.

Kada wannan ya sa a raina farantin, don inda ya dace babu kamarsa. Ƙananan fitilun leza da ke aika saƙo ta wayar gilashi ta intanet suna buƙatar zafinsu ya tsaya cak, don da ya motsa launin haskensu zai kauce, kuma farantin Peltier ƙanƙani ne ke riƙe da yawa daga cikinsu. Kyamarorin masu nazarin taurari da shi ake sanyaya idonsu don hoto ya fito tas. Injin PCR da ɗakunan gwaji ke amfani da shi wajen gano ƙwayoyin cuta dole ne ya ɗumama samfur ya sanyaya shi sau 30 ko 40 a jere, kuma faranti mai sauya hali da juyin waya ya dace da wannan aiki sarai. Yana cikin ƙananan firijin mota, da injin ruwan sanyi mai araha wanda mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ruwansa da gas," da ƴar na'urar da matasa ke maƙala wa bayan waya in suna wasa. Wayar hannu 'yan wat kaɗan take fitarwa, kusa da inda furosesar kwamfuta take a da can, shi ya sa dabarar ke aiki a kanta. A duk waɗannan wurare zafin kaɗan ne, abin da ake nema shi ne daidaito, ko shiru, ko ƙanƙanta. Akwai ma masu binciken da ke ganin makomarsa a kwamfuta tana nan, a ƙanƙanta. A 2009 masana daga Intel da abokan aikinsu suka wallafa gwajin wani siririn faranti da aka dasa a daidai ɗigon da ya fi zafi a jikin guntun silikon, ya saukar da zafin wurin da kusan digiri 15, ba tare da an ɗora masa nauyin furosesar gaba ɗaya ba.

Wanda kwamfutarsa ke zafi yau, shawarata ya fara da buɗe ta. A ƙasarmu ƙurar hunturu kan toshe tsakanin haƙarƙarin ƙarfen zuƙe zafi har ta zama kamar ƙyalle, iska ba ta wucewa, kuma buroshi da abin hura iska sun isa su cire ta. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen yakan bushe ya tsattsage bayan 'yan shekaru, a goge shi a sa sabo ɗan kaɗan. Laftof a ɗauke ta daga kan katifa da darduma a ɗora ta inda ƙasanta zai sha iska. In babban allon kwamfutar ya ba da dama, a shiga saitinsa a rage iyakar wat ɗin da furosesa ke ja. Manyan furosesoshin zamani suna ƙona wuta mai yawa don ɗan ƙarin gudu na ƙarshe, don haka yanke musu kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yakan rage aiki kaɗan ne, zafin kuwa ya sauka a fili, fanka ta yi shiru, batirin sola ya kai dare.